Yadda Na Yi Ƙiba Don Babana Ya Rame

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube, har in riƙa neman ɗankwali alhali yana bisa kaina, ba zan taɓa mantawa da zuwan da kakata ta yi gidanmu a Tawa ba, zuwan da ta yi musamman don ta maido wa babana tumbinsa. A lokacin ina ajin farko na kwaleji, siririya ce ni kamar sillen kara, in iska ta taso sai Mama ta ce in riƙe ƙofa. Yanzu da shekaru suka ɗan ja ina ba da labarin ina dariya, amma a wancan lokaci babu mai kwanciyar hankali a gidanmu, kuma saura kaɗan dariyar ta koma zaman makoki.

Baba direba ne tun kafin a haife ni, motar haya yake ja tsakanin Tawa da Takanamat. Aikin zama ne, kuma duk tashar da ya tsaya akwai mai nama da ya san shi, akwai mai shayi da ya san yawan sukarin da yake so, wato sai cokali ya tsaya da ƙafarsa a cikin kofi. Da haka ya tara tumbin da ya yi suna. In zai shigo gida tumbin ne ke fara yin sallama, sai mun amsa mun gama gaisawa da shi sannan Baba ya iso. Duk rigunansa sun ƙoƙe a wuri ɗaya, inda sitiyari ke gogar ciki. A ƙauyenmu kuwa, can wajen Barmu, wannan tumbi abin alfahari ne na dangi gaba ɗaya. In aka ce wane ya samu duniya a birni, ba a tambayar gida ko mota, cikinsa ake kallo.

Wata rana jiri ya ɗebe shi yana bisa hanya, mota cike da mutane. Allah ya taimaka ya samu ya gangara gefe ya tsaya. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, mai ƙarfi kuwa, ciwon sukari ma yana bakin ƙofa. Ya ce in dai yana so ya ga girman 'ya'yansa, to ya rabu da gishiri da maiƙo da zaƙi, ya tashi daga kujera ya motsa jiki, ya sauke wannan kaya da ke gabansa. Baba ya dawo gida kamar wanda aka yi wa rasuwa. Abin da ya fi tsorata shi ma ba ransa ba ne, rayukan mutanen da ke zaune a bayansa ne. Ba a jima ba ya sayar da motar, ya kama lambu a fadamar bayan gari, ya shiga noman tumatir da kabeji da salak. Kullum da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake dawowa. Abokansa na tasha in sun gan shi sai su danna masa oda su leƙo su ce, "Direba, yau ma ƙafa ce? In rage maka hanya?" Shi dai ya ɗaga musu hannu ya wuce.

Mu ma a gida mun sha tamu. Mama ta daina sa gishiri a tukunya, miya ta koma kamar ruwan wanke hannu, kwaɗon zogale ya zama ɗan gida. Amma aiki ya yi kyau. Cikin watanni Baba ya sauke, wuyansa ya fito, muka gano ashe yana da haɓa. Ya daina munshari, maƙwabta suka sami barci. Ranar da ya sunkuya ya yanke farcen ƙafarsa da kansa, sai da ya kira mu duka muka zo muka shaida.

To, daga waya matsalar ta ɓullo. Samarin da ke lambu kusa da nasa suka koya masa sa hoto a sitatus, inda duk mai lambarsa zai gani, shi ke nan Baba ya kamu. Tumatir ya yi fure, sitatus. Jakin maƙwabci ya kwanta, sitatus. Bokiti ya fashe, sitatus. Kuma bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya a ƙasan hoto ba, cewa yake ai duk mai ido ya gani. Ranar da ya koma asibiti aka auna shi, likita ya yaba masa, murna ta kama shi, sai ya miƙa wa wani wayar ya ce ya ɗauke shi a bakin ƙofar asibitin. Tsohon kaftaninsa ne a jikinsa, wanda da yake cika shi fam, yanzu kuwa ya rataya kamar an shanya shi a kan sanda. Ga shi mazan zamaninsu ba sa murmushi a hoto, ƙamewa suke yi kamar za a yi musu katin ɗan ƙasa. Haka ya sa hoton nan, fuska a ɗaure, takardar magani a hannu, ya kashe wayar ya tafi ban ruwa.

Muna da gurup na dangi, wanda ya haɗa na ƙauye da na Tawa da duk waɗanda suka tafi cin rani, daga Agadas har Abijan. Ba a cika rubutu a ciki ba, saƙon murya ake yi, kowa ya danna ya zuba. Wani ya ɗauki hoton ya jefa ciki. Nan take aka haɗa magana: ya sayar da mota, yana yawo a ƙafa, ya rame, ga shi kuma a ƙofar asibiti. Wani kawu ya ce ai magani ne ya cinye motar. Wata gwaggo ta ce ita tun sallar bara ta ga idonsa ya faɗa. Kafin labarin ya je Abijan ya dawo, Baba ya daina gane mutane, ana ba shi ruwa a cokali. Wayar Mama ta yi ta kuka har ta yi zafi kamar dutsen guga. Na dawo daga makaranta na tarar da wata gwaggonmu ta nan Tawa tana shigowa da kuka tun daga zaure, sai ta yi kiciɓis da majinyacin yana dawowa da kwandon kabeji a ka. Baba ya yi saƙon murya ya ce lafiyarsa lau. Aka ce dauriya ce irin ta maza, ba ku ji har muryar ta rame ba?

Bayan 'yan kwanaki, wata ranar da babu makaranta, baburan kabu-kabu biyu suka tsaya a ƙofar gida. Na farko ya ɗauko kakata, mahaifiyar Baba, ta ƙanƙame mai babur kamar za ta shige cikin rigarsa. Na biyu kaya ne zalla: buhun hatsi, kwalaben man shanu, cuku, da kaji ɗaure da ƙafafu suna ta ihu.

A nan sai na yi wa wanda bai san kakata ba bayani. Baba ɗan fari ne, ita kuma mutuniyar da ce, mai riƙe da kunyar ɗan fari har wuya. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. In tana nufinsa sai ta ce "wancan". Mama kuma suruka ce, ba ta ɗaga murya a gabanta. Ƙannena kuwa ƙanana ne, ni kaɗai ce a gidan ke da lasisin faɗa mata abin da na ga dama, saboda wasan jika da kaka. Don haka na zama waya mai ƙafa biyu tsakanin uwa da ɗanta.

Tun kafin ta gama shan ruwa Baba ya ja mu gefe, ni da Mama. Ya ce kada wanda ya kuskura ya ambaci maganar likita, tsohuwa ce, hankalinta zai tashi, kwana biyu za ta yi ta ga yana lafiya ta koma. Da ya san abin da ke tafe, da bai faɗi haka ba.

"Ke 'yar nema, taho nan," in ji Kaka. "Wancan da ya gitta yanzu, uban naki ne, ko rigarsa ce ke yawo ita kaɗai?"

"Shi ne, Kaka. Gayu ne, yanzu haka ake yayi a birni."

"Yayin yunwa? Mi kuke ba shi a gidan ga?"

"Ganye."

"Ganye!" Ta dafe ƙirji. "Magidanci da iyalinsa, ku tsare shi kuna ba shi ganye kamar akuya? Tashi ki hura mini wuta."

Tun daga ranar Mama ta sauka daga mulkin madafa. Da safe kunu mai sukari da cuku, da rana fura da nono mai kauri, da marece tuwon hatsi yana iyo cikin man shanu, ga soyayyar kaza a gefe. Gishiri kuwa da tafin hannu Kaka ke zuba shi, ba da yatsu ba. Ni ke kai wa Baba ɗaki, ni ke dawo da kwano, ta karɓa ta ɗaga shi a rana ta duba kamar mai sayen zinariya. Baba ba zai iya maido wa uwarsa abinci ba, a wurinsu wannan daidai yake da zagi. Ya ci. Washegari ma ya ci. Ga shi tun zuwanta ya kai ƙwayoyin maganinsa lambu ya ɓoye don kada ta gani, wata rana ya sha, wata rana ya manta. Ba a jima ba ciwon kai ya dawo, idanunsa suka yi ja, na fara ganin yana dafa bango in zai tashi daga tabarma. Mama ta shiga kai da komo tsakanin ɗaki da tsakar gida, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye.

Ni ce na kawo dabara. Na shiga da ƙwaryar fura na ajiye, na ga ya zuba mata ido kamar wanda aka kawo wa sammaci.

"Baba, in taimaka maka?"

Ya dubi ƙofa, ya dube ni. "Za ki iya kuwa?"

"Baba, ni fa 'yarka ce."

Ya miƙo mini ludayi.

Ƙannena ba a sa su a ciki ba, don bakinsu ko ruwa ba ya riƙewa. Ni kaɗai na ɗauki aikin. Shi ya jawo kwanon zogalen da Mama ke ɓoye masa a ƙarƙashin gado, ni in fuskanci kaza. In na gama nasa a ɗaki, in fito in ci nawa a gaban Kaka, don ni ma ta ce na yi kama da tsinken tsire. Kwanakin farko na ɗauka aljanna ce ta sauko gidanmu. Daga baya na gane aikin soja ne. Kumatuna suka fito har suna tare mini gani. Siket ɗin makaranta ya ƙi rufuwa, Mama ta ƙara masa ƙyalle, ya sake ƙi. A aji barci nake kamar an biya ni. Malamin lissafi ya taɓa yi mini tambaya, na buɗe baki zan amsa sai gyatsa ta riga ni, mai ƙamshin man shanu, 'yan layin gaba suka ce na tayar musu da yunwa. Ranar motsa jiki aka ce mu zagaya fili, ƙawayena sun gama sun sha ruwa sun huta, ni ina kwanar farko ina neman wanda zai tura ni. Har ta kai in na ji ƙarar turmi gabana faɗuwa yake.

Kaka kuwa ta dube ni ta ce, "Ke kam abinci yana karɓarki, ja'ira. Da uban naki ya biyo ki da na huta."

Abin ya ɗaure mata kai. Kwano yana dawowa a suɗe, amma wancan bai ƙara ko tsoka ɗaya ba. Maimakon ta haƙura sai ta ƙara hannu. Ta daina kwanciyar rana, tana zagaye tsakar gida da carbi tana magana ita kaɗai. Na ji tana gaya wa Mama cewa abincin da ke shiga ciki ya ɓace ba ciwon asibiti ba ne, in bai canza ba za ta tafi da shi ƙauye a nema masa magani. Sannan ta ce, "Ran Juma'a da kaina zan zauna in ji yana ci."

Da aka sauko daga masallaci ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakinsa, ta zauna ta juya masa baya. Kunya ba ta bari ta kalle shi, amma kunnenta yana cikin ɗakin. Farfesun kan rago ne ranar, mai yana kwance a sama, gishiri har yana ɗaci, ga tuwo, ga fura. Ta riƙe ni a gefenta wai in yi mata fifita. Ina leƙensa ta kan kafaɗarta, yana ci yana gumi, ya dube ni na dube shi, babu abin da zan iya. In ya tsaya sai ta yi gyaran murya, sai ya ci gaba. Haka ya cinye tas.

Da la'asar ya fito da buta zai yi alwala. Bai yi nisa ba butar ta suɓuce, ya tafi luu ya zube a jikin randa, jini na fita ta hancinsa. Mama ta ƙwalla ƙara, maƙwabta suka shigo da gudu, aka tare mota aka tafi da shi asibiti tare da ita. Aka bar ni da Kaka a tsakar gida, tana tsaye da ludayi a hannu tana cewa, "Na faɗa maku yunwa za ta kada shi, na faɗa maku."

A nan wasa ya fice mini daga kai.

"Ba yunwa ba ce, Kaka! Hawan jini gare shi. Likita ya ce gishiri da mai ne za su kashe shi, shi ya sa ya rame da gangan, shi ya sa ya bar mota. Abincin da kike aikawa ni ke ci, dubi kumatuna! Yau da kika tsare shi ya ci, ga shi nan."

Duk wasan da ke tsakaninmu ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Na runtse ido ina jiran mari, bai zo ba. Ta zauna a kan turmi a hankali, ta ɗora ludayin a cinya.

"Don mi ba a gaya mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce hankalinki zai tashi."

Rana ta yi ja, ni ina safa da marwa tsakanin zaure da titi, duk motar da ta wuce sai na bi ta da ido, ita kuwa tana kan turmin nan ko motsi ba ta yi.

Gab da magariba suka dawo. Allah ya taƙaita, an yi masa magani jinin ya sauka, likita kuma ya wanke shi tas da faɗa. Ya shigo Mama na riƙe da shi, ya durƙusa daga nesa kamar kullum zai yi gaisuwa. Sai Kaka ta juyo. Ba bango ta kalla ba, shi ta kalla, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

"Gaskiya ne abin da ɗiyar ga ta faɗa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Inna."

"Haka ubanka ya yi," in ji ta. "Ƙato ne, kowa na yabon jikinsa, ni ina taƙama ni ke ciyar da shi. Ran kasuwa ya faɗi tsakanin shanu, ɓarin jikinsa ya mutu, bai sake magana ba har ya tafi. Ba wanda ya ce mana ga dalili. Da an gaya mini, ganye zan ba shi har ya koma akuya. Kai kuwa ka sani, ka zauna kana cin abin da zai kashe ka don kada ka ɓata mini rai. In ka mutu da kwanona a gabanka, wane rai ya rage mini da za a ɓata?"

Baba ya sa hannun riga ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Mama ta ja ni ɗaki, amma kunnena na bar shi a waje. Sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, uwa da ɗanta, maganar da suka tara tun kafin ya yi gemu.

Washegari Kaka ta ƙulle gishiri a bakin zanenta, ta raba wa maƙwabta man shanu, ta koma ta fi likita tsanani. Ta ce in danna mata waya, ta yi wa gurup saƙon murya da ya fi huɗuba tsawo. Ta ce wancan lafiyarsa lau, ramar ta magani ce, lambu kuma sana'a ce ta halal, duk wanda ya ƙara cewa ana ba shi ruwa a cokali ya zo Tawa ta ba shi nasa. Daga nan ta koma kallon bangonta, ta ce in gaya wa wancan, daga yau in zai sa hoto ya buɗe baki ya faɗi ko na mene ne, in ba zai iya ba ya bar jakunan mutane su huta. Sannan ta kama kumatuna ta ja.

"Ke kuma, buhun hatsi, gobe ki bi shi lambun, da ƙafa."

Haka na yi ta bin Baba fadama ina haki, shi a gaba yana tafiya kamar saurayi, har siket ɗina ya yarda ya rufu.

Baba yana nan a lambunsa har yau, lafiyarsa lau. Ni kuwa abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, in za ka canza rayuwarka, ka bar aikin da aka san ka da shi ko ka sauke jikin da aka saba gani, to ka fara zama da mutanenka ka gaya musu dalili da bakinka, tun waya ba ta riga ka ba. Wanda ka ɓoye wa gaskiya don tausayi ba zai daina ƙaunarka ba, zai ci gaba ne yana yi a cikin duhu, ya zuba maka abin da zai cuce ka yana tsammanin ceton ka yake. Kakata ta iya ɗaukar gaskiyar da muka ce ta fi ƙarfinta. Ɓoyewar ce ta kusa raba ta da ɗanta.